Makullin Da Ka Buɗe Lemo Da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Unguwar Shifa, Riyad
Asabar, bayan azahar

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya ɗaga ka lafiya jibi, Ya sauke ka lafiya a ƙasar Sifen, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin hanya, Ya kuma tsare ka daga sharrin bakinka, don shi ya fi ba ni tsoro tun jiya. Amin.

Ba zan tambaye ka mutanen gida ba, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Ina jin ka yanzu haka kana danne akwati kana fito kamar ba ka yi komai ba. Za ka ce me ya kawo wasiƙa tsakanin mutanen da ke cin tuwo a faranti ɗaya. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. In na zaunar da kai zan yi maka faɗa, sai in ga kamar tsohon nake ɗaga wa murya, bakina ya mutu. Ita takarda ba ta da kunya. Da ajami na rubuta, don ni allo kaɗai na yi, kuma don kada ka sami hanyar zillewa. Haruffan ka san su sarai, harshen ne ka raina. In ka kakare kada ka nuna wa waya, ka kai wa Ummanka.

Bari in tuna maka abin da ka yi, ko da ka manta. Jiya bayan sallar Juma'a na tara mutane a gidan nan don a yi maka addu'ar tafiya karatu. Ummanka tun safe take kan tukunya, ga shinkafar kabsa ga tuwo da miyar kuka saboda dattijai. Da aka shafa fatiha, na zaro makulli daga aljihuna na miƙa maka a gaban kowa. Makullin ɗakinka ne na gidanmu na Bichi, gidan da na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗora masa bulo, ɗakin da tagarsa ke kallon darbejiya. Ka karɓa da yatsa biyu, ka juya shi, ka dubi abokanka, ka kira ni Yuba, wato baba a bakin 'yan Riyad, ka ce da Larabci: "Yuba, ni fa ɗan Riyad ne. Me zan yi da makullin ƙauye?" Sannan ka jawo kwalbar lemo, ka soka makullin a ƙarƙashin murfin, fau! Kumfa ya zubo, ka ce, "Ashe yana da amfani." Aka bushe da dariya. Ka cilla shi saman firji.

Ni ma na yi dariya, don kada in kunyata ka. Wallahi da ba ɗana ne ya yi ba, da na ce wasan ya yi kyau, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Hannun nawa ne, bakin nawa ne, har yadda ka lumshe ido ɗaya kafin ka yi, ni ne. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Idi, tsohon kukun gidan da na yi wa direba. Da zai tafi yana laluben takalminsa a bakin ƙofa, ya ce min, "Bakano, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka ba shi labarin Ɗulaiɗila. Na gaskiyar, ba wanda kake ba baƙi ba."

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Garin da za ka je koyon zanen gine-gine, Toledo, wanda Larabawa ke kira Ɗulaiɗila, ka san na taɓa zuwa. Hoton nan na falo da nake tsaye a kan gada na riƙe takobi, shi ka taso kana kallo har garin ya shiga ranka. Na gaya maka na yi kiran salla a tsohuwar hasumiya har Turawa suka yi kuka. Ƙarya ce. Na gaya maka wani attajiri ya ba ni takobin kyauta. Na shago ne, ara na yi don hoto, mai shagon yana tsaye bayan mai ɗaukar hoton yana zare ido. Yini ɗaya na yi a garin nan, kuma a yini ɗayan na yi abin kunya har uku.

Lokacin Ummanka tana da cikinka wata bakwai. Ina direba a gidan Abu Fahad, kafilina na farko, wanda takardar zamana ke hannunsa. Da zafi ya yi zafi suka shirya hutu, aka tafi da ni ba don tuƙi ba, sai don in tura keken mahaifiyarsa, Hajiya Babba, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukar ta. Aka tafi da Malam Idi saboda ba ta cin girkin kowa sai nasa. Shi Badamagare, ni Bakano, ka san abokan wasa ne mu tun kaka da kakanni, na sami abin tsokana har ƙasar Turawa.

Garin a kan dutse yake, kogi ya naɗe shi kamar rawani, ga ganuwa ga ƙofofi. Lungunansa sai ka rantse cikin birnin Kano ne aka wanke aka shimfiɗa wa duwatsu, wani lungun in ka miƙe hannu biyu za ka taɓa bango da bango. Ba inda yake a miƙe, daga hawa sai gangara, ga ni da tsohuwa a keke. Amma ban ji gajiya ba, don ranar na ci ado. Abu Fahad ya ba ni tsohuwar jallabiyarsa fara sol, na ɗora jan shimag, mayafin nan na mazan Larabawa, a ka, na sa baƙin tabarau. Ina tafe ina ji kamar rijiyar mai gare ni.

Da hantsi muka iso babban dandalin garin. Mai yi mana jagora, wani ɗan Maroko, ya ce a zamanin Musulmi nan ne kasuwar dabbobi, wato kara ke nan a wurinmu. A gefe guda wani baƙin mutum ya shimfiɗa zane a ƙasa yana sayar da maficai. Ya ji ina yi wa Malam Idi tsiya, sai ya miƙe zumbur, fuskarsa ta washe, ya taho da hannu a miƙe.

"Kai! Hausa nake ji? Sannu ɗan uwa! Daga ina? Ni ɗan garin Tawa ne, wata takwas ban ji an ce min sannu ba!"

'Yan matan gidan Abu Fahad suna tsaye suna kallo. Na dubi zanensa a ƙasa, na dubi jallabiyata. Na gyara tabarau na ce, "Ma afham." Wai ban gane ba. Hannunsa ya tsaya a iska. Malam Idi ne ya kama shi da hannu biyu suka gaisa, ni kuwa na tura keke na yi gaba.

Abba, kayan aro ba ya rufe katara. Ni ranar ban ruɗi kowa ba, ba Bature ba Balarabe, kowa ya ga direba cikin rigar maigidansa. Mutum ɗaya ne a garin nan kaf ya gan ni ya yi murna, shi kuma na wulaƙanta. In ka je can, duk wanda ya ce maka sannu da harshen uwarka, ko shara yake yi, ka ajiye abin da ke hannunka ka amsa. Hausarka ta karye? Ka amsa da karyayyar. Ina jin ka a waya in 'yan Bichi sun kira, kana "aiwa, aiwa" kana miƙa wa Ummanka kamar wayar na ƙuna. Ka daina.

Daga nan jagora ya ratsa da mu unguwar da Yahudawa suka zauna a da. Ya shigar da mu wani gini fari tas, ginshiƙai jere, kowane biyu an haɗa su da bakan gizo, sak masallaci. Ya yi bayani da Larabci cewa wurin ibadar Yahudawa ne, ana cewa magina Musulmi ne suka gina musu, daga baya Kirista suka mai da shi coci. Ni na ji sarai. Malam Idi bai ji ba, ya tsaya a waje yana kurɓar ruwa. Da ya leƙo ya ga ginshiƙan nan, idonsa ya kawo ƙwalla. Ya ce, "Bakano, masallacin magabata ne?"

Na ce, "Malam, ai sahabbai ne suka gina shi. Kai da ka zo har nan ba za ka gaishe da masallaci ba?"

Bawan Allah ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga yana sanɗa, ya tambaye ni gabas, na nuna masa inda na ga dama. Ya ɗaga hannu ya kabbara. Ni kuwa na zagaya na kwashe takalman na jefa a wani kwando bayan ƙofa. Mai gadi ya zo ya tsaya a gefensa, bai taɓa shi ba, ya jira ya sallame, ya yi masa bayani da hannu cewa ba a yi a nan. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar sa hoto kamar sun ga biri. Na shige bayan ginshiƙi ina dariya har da riƙe ciki. Da muka fito na je ɗauko takalman, kwandon wayam. Ashe na shara ne, an kwashe.

Rana ta take, duwatsun nan sun yi zafi kamar kaskon tuya. Dattijo mai furfura yana tafe yana ɗage ƙafa kamar zakara a kan garwashi. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Sallata dai Allah Ya gani, ƙasa duk tasa ce. Amma kai ka mai da ɗakin ibadar mutane uku wurin wasan yara, kuma da goshina ka yi."

Ka ji ko? Garin da za ka, kusan duk bangon da ka jingina wani ya taɓa yin kuka a jikinsa yana kiran Ubangiji. Akwai wani ɗan ƙaramin masallaci kusa da ganuwa, bai fi falonmu biyu ba, an mai da shi coci tun da daɗewa, amma rubutun Larabci na nan a goshinsa, da bulo aka tsara shi. Akwai babbar majami'a a tsakiyar gari, a inda masallacin Juma'a yake a da, in ka ɗaga kai hularka sai ta faɗi. Ka je ka gani duka, aikinka ne ma. Amma ka shiga da ladabi ka fito da ladabi. Kada ka yi salla inda aka ce ba a yi don a ce kai jarumi ne, ka tambayi inda Musulmin garin ke yi, matambayi ba ya ɓata. Kada kuma ka bi sahun masu zuwa su bugi ƙirji su ce "da duk namu ne" su ɗauki hoto su tafi cin abinci. Kuma in wasa ya ciyo ka, na san zai ciyo ka, ka tuna bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ko jaki in ya faɗa rami sau ɗaya yana kauce masa. Ni ko awa guda ban yi ba na sake faɗawa.

Muka tsaya hutawa a wani lungu mai inuwa. A kan dakalin wata ƙofa ga wata tsohuwa zaune, 'yar gajera, ta ɗaure ɗankwali a haɓa, 'yarta na tsaye a kanta. Ta ji Larabcinmu ta yi mana magana da irin na Maroko. Ni na ɗauka wata Hajiya ce. Na kara keken Hajiya Babba kusa da ita suka shiga hira. Ka san yadda muke da tsofaffi a gida, duk tsohuwa kakarka ce, duk kaka kuma matarka ce ta wasa. Haka na taso da kakata Iya, in ɓoye mata gwangwanin goro in ce sai ta yarda ni ne mijin, ta bi ni da muciya tana zagi, kowa na dariya. Sai na durƙusa gaban wannan na ce mata, "Amaryata, tun daga Riyad nake neman ki." Ta yi dariya har dasashinta ya fito, ta ce, "Ɗana, ka makara." Na ce a raina, shi ke nan, na yi kaka.

Can ta kwance wani ƙyalle ta fito da makulli, baƙi, tsawonsa ya kai tafin hannuna, ta nuna wa Hajiya Babba tana ba ta labari. Ban saurara ba. Idona na kan makullin, hannuna na ƙaiƙayi. Ta ajiye shi a kan dakali za ta goge tabarau, na yi wuf na zura shi a aljihun bayan keken Hajiya. Niyyata in ta nema in ce sai ta amsa aurena. Wasan minti ɗaya.

A daidai nan Abu Fahad ya lura da ƙafafun Malam Idi sun yi bororo. Ya daka min tsawa: "Yalla! Kai shi ka samo masa takalmi yanzu!" Ba a ce wa kafili dakata. Na ce bari in yi sauri in dawo. Kafin mu sami shago mu dawo, Hajiya Babba ta gaji, ɗanta ya tura ta da kansa sun sauka inda mota ke jira, sun koma otal can ƙetaren kogi, har da jagoran. Keke ya tafi da makulli.

Abba, na ga kuka a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsohuwar nan ta sauko daga dakali tana rarrafe a kan duwatsu, tana shafa kowace tsaga da yatsu, ɗankwali ya zame, ba ta ihu, wani sauti kawai take yi kamar akuyar da aka yanka ba a gama ba. Mutane sun taru, ga ɗan sanda. 'Yar tana hango ni ta nuna ni da yatsa. Ka san abin da ya fi min ciwo? Gaskiyarta. Da ma ƙazafi ta yi min don ni baƙi ne, da na sami abin yin fushi. Ni na ɗauka. A lungun nan na ja wa duk mai irin fatata zargi, har da masu neman halal ɗinsu da zane a ƙasa.

Na shiga rantse-rantse da Larabci da Hausa, ɗan sanda ba ya jin ko ɗaya. Malam Idi, mutumin da na gasa wa ƙafa, shi ya haɗa ɗan Faransancinsa na Damagaram ya yi wa 'yar bayani, ta gaya wa ɗan sandan. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da tsohuwar ya ce su riƙe shi jingina, ni in je in ɗauko.

Na zura da gudu. Lungu ya kai ni lungu, duk iri ɗaya. Na wuce wani shagon takubba sau uku. Shimag ya faɗi ban tsaya ba, jallabiya ta harɗe ni na kife, gwiwa ta fashe. Ban san sunan otal ɗin ba, kamanninsa kawai na sani. Sai ga ni a dandalin nan na safe, ga mai maficai a inda na bar shi. Na faɗa kansa ina haki.

"Ɗan uwa, don girman Allah ka taimake ni!"

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, a hankali, ya ce, "Ikon Allah. Balarabe ya koyi Hausa kafin la'asar."

Ya bar ni na tsaya a haka ɗan lokaci, ya isa ya bar ni. Sannan ya tattara bakin zanensa huɗu ya saɓa a kafaɗa ya ce, "Faɗa min yadda ginin yake." Ya ratsa da ni ta wata ƙofar ganuwa, muka gangara, muka haye gadar nan ta hoto, har bakin otal. Na juya in yi godiya ya riga ya kama hanya. Ko sunansa ban tambaya ba. Kusan shekara ashirin ke nan ina sa shi a addu'a da "mai maficai".

Da Hajiya Babba ta ji abin da na yi, ta sa na sunkuyo, ta kwaɗa min sandarta a ka. Ta ce ba aike za a yi ba, in tura ta ta mayar da hannunta. Na turo tsohuwar nan hawan dutse da fasasshiyar gwiwa. Da muka iso, waccan ta karɓi makullin ta manna a fuska. A nan ne 'yar ta faɗa mana su Yahudawa ne, mutanen Maroko. Na ga Hajiya Babba ta ɗan yi turus, don ban jin ta taɓa zama da Bayahudiya a rayuwarta. Sai kuma ta miƙa hannu ta gyara mata ɗankwalin da ya zame. Suka zauna hannu cikin hannu, tsofaffi biyu.

Na durƙusa na ba da haƙuri, na yi ƙoƙarin bayyana mata wasan jika da kaka. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ɗana, a garinku kakarka ta san gobe za ka dawo mata da shi. Ni ban san ka ba." Sannan ta ba ni labarin da na ƙi saurara da farko. Kakanninta a unguwar nan aka haife su, su da iyayensu da iyayen iyayensu, ba su san wani gari ba. Rana ɗaya sarki ya sa hannu a takarda, aka ce duk wanda bai bar addininsa ba ya fita. Suka kulle gida suka tafi da makulli, a zatonsu za a huce. Shekara ɗari biyar ke nan. Daga baya Musulmin ƙasar ma aka yi musu haka. Na ce mata to ta sami ƙofar? Ta ce, "Kwana uku ina gwadawa a ido. Babu ita. Ƙila tun tuni babu. Muna riƙe shi ne don kada yaranmu su zaci daga sama muka faɗo."

Abu Fahad ya zo da mota ya ɗauke mu, da muka kusa otal ya juyo gare ni. Ya ce muna komawa Riyad zai buga min huruj, fita ba dawowa. Ummanka na nan da cikinka, in aka kore ni dole ta bi ni. Hajiya Babba ce ta ce in ya kore ni shi zai riƙa tura ta har ta mutu, sannan ya bari. Allah Ya ji ƙanta. Da ba don tsohuwar nan ba, ɗan Riyad, da a Bichi aka yanke maka cibi.

Yanzu ka dube ni da kyau. Ba na zagin ƙasar nan. Ta ciyar da ni, ta kai ni Ɗakin Allah, a cikinta na same ka. Kafilina na yanzu mutumin kirki ne, shekara tara ina tsare masa shagon darduma a kasuwar Batha bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma iƙamarka, takardar zamanka, a ƙarƙashin tawa take, tawa kuma a bakin alƙalamin wani take. Mu baƙi ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya zama baƙo, laifin ya manta. Ka iya Larabcin Najadu har in kana waya ba mai cewa ba ɗan gari ba ne. Madalla. Ranar da ka je filin jirgi jibi, ka duba kalar fasfon da za ka miƙa. Waɗancan sun yi ɗaruruwan shekaru a gari, da gidajensu da kaburburan kakanninsu, takarda ɗaya ta tashe su. Kai shekararka goma sha tara a gidan haya, hawa na biyu, kake ce min me za ka yi da makullin ƙauye? A gaban mutane? Da Larabci, don dattijan da suka zo yi maka addu'a su ji rabi su tambayi rabi?

Ban ce ka koma Bichi ka zauna ba. Je ka Sifen, ka yi karatu, ka zaga duniya, in Allah Ya ba ka zama a Riyad har tsufa ina murna. Na san sau biyu kawai ka je, na san sauro ya cije ka, na san yara sun yi ta bin ka suna kwaikwayon maganarka. Amma duk faɗin duniyar nan, ƙofa ɗaya ce tak wadda ba sai wani ya sa hannu za ka shiga ba, ba a sabunta ta duk shekara, ba mai tambayar ka wane ne kafilinka. In ka tura ta za a ce jikan Malam Abdu ya dawo, a kawo maka ruwa. Matar nan makulli gare ta ba ƙofa, ta yi rarrafe a kan dutse saboda shi. Kai naka da ƙofarsa, da tagarsa, har da katifa sabuwa a leda, ka buɗe lemo da shi.

Kuma in ka ce wasa kake yi, na yarda, ni ne sarkin masu cewa haka. Amma wasa da mai shi ake yi. Kafin ka taɓa kayan mutum don a yi dariya, ka san nauyin abin a wurinsa. In ba ka sani ba, sa hannunka a aljihu. Can ba ka da kaka, ba ka da Badamagare, ba wanda ya ɗauki alkawarin yafe maka tun kafin a haife ka.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗazu da ka fita sallama da abokanka na ɗauko makullin, na buɗe akwatinka, na sami rigar sanyin nan mai kauri, har na zare zaren aljihun ciki zan ɗinke shi a ciki. Na ce sai sanyi ya kama shi a can ya ji abu na zungurin haƙarƙarinsa, ya ciro ya ga tsiyar ubansa. Ina dariya ni kaɗai. Ummanka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, har yanzu ba ka daina ɓoye makullin mutane ba?" Na mayar da rigar yadda take.

Saboda haka yana nan saman firji inda ka cilla shi. Ban goge shi ba, har yanzu yana danƙo da lemo. Jibi bayan sallar asuba ni zan kai ka filin jirgi. Ba zan yi maka maganar nan a mota ba, ba zan tambaye ka ko ka karanta ba, zan ma ba ka dariya a hanya kamar kullum. In na sauke ka na dawo, kafin in tuɓe takalmi, zan miƙa hannu saman firji in shafa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya haɗa ka da irin mai maficai, Ya raba ka da irina na wancan yini. Ya tsare maka sallarka da cikinka da harshenka. Duk ƙofar alherin da ka tura Ya buɗe maka ita, Ya kuma dawo mana da kai muna raye. Ummanka ta ce in gaya maka ta sa yaji da kuka a aljihun gefen akwati, kada ka zubar don kunyar Turawa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo